Wa ke bin marigayi bashi?

A ƙasar Hausa, daga Tawa har Damagaram, akwai wata magana da ake faɗi a wurin jana'iza, wadda kunnuwanmu suka saba da ita har ta daina shiga zukatanmu. In an sallaci gawa, ko kuwa in an gama rufe ta ana shirin watsewa, sai wani dattijo daga cikin dangi ya ɗaga murya ya ce duk wanda ke bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya zo ya ga wane. Maganar ba ta cin minti ɗaya. Jama'a su amsa da Allah ya jiƙansa, kowa ya karkaɗe rigarsa, a koma ƙofar gida zaman makoki. Ni kuwa, mai karatu, na daɗe ina ganin cewa cikin dukan abin da ake yi ran nan, babu wanda ya kai wannan ƴar sanarwa kusanci da tambayar da ke damun kowane mai rai, wato abin da ke samun mutum bayan ya mutu.

Amsar da muka tashi da ita kowa ya san ta, tun muna makarantar allo. In rai ya fita sai a yi wa mutum wanka, a sa shi cikin likkafani, a ɗora shi bisa makara, a yi masa kabbara huɗu babu ruku'u babu sujada, a kwantar da shi bisa gefensa na dama fuskarsa na duban alƙibla, a jera itace, a maida ƙasa. Iyakar abin da idonmu ke gani ke nan. Sauran kuwa labari ne da ya zo mana daga wanda ba ya ƙarya. Ya zo a hadisi cewa mamaci yana jin ƙarar takalman waɗanda suka kai shi sa'ad da suka juya, sannan mala'iku biyu, Munkar da Nakir, su zaunar da shi su tambaye shi Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Wanda ya amsa a yalwata masa kabarinsa, wanda ya kasa a ƙuntata masa. Haka zai zauna a barzahu, tsakanin duniyar da ya bari da lahirar da bai shiga ba tukuna, har ranar da za a busa ƙaho, a tashi, a yi hisabi, a kafa mizani, a miƙa siraɗi. Makafin da ke rera waƙoƙin wa'azi a tashar mota sun fi ni iya zayyana wannan, kuma ba kasafai nake wuce su ba tsikar jikina ba ta tashi ba.

Abin lura a cikin wannan tafiya duka shi ne, babu inda mai rai ke da iko a cikinta. Alhaji mai motoci ba ya iya aika yaronsa ya amsa wa mahaifinsa tambayar kabari, kuma sa hannun babban darekta ba ya yalwata wa kowa makwanci ko da taƙi ɗaya. Muna yin addu'a, muna yin sadaka, muna fatan Allah ya kai lada, amma karɓa tana hannunsa, ba mu da rasit. Abu guda ne daga cikin halin da mamaci ke ciki aka bar mana a fili, da adadinsa, da sunan mai shi, da ƙofar gidan da za a ƙwanƙwasa. Shi ne bashi.

Ban fara gane nauyin wannan a gaban malamin zaure ba, a ajin ƙarshe na lise na fara gane shi, a darasin falsafa. An karantar da mu ra'ayin wani Bagirke mai suna Efikur, wanda ya ce mutuwa ba abin tsoro ba ce, tunda muddin muna nan ita ba ta nan, in ta zo kuma mu ba mu nan. Hujja ce mai daɗin ji ga saurayi ɗan shekara 18, amma ko a lokacin na ga inda ta yi rauni, domin mutum yana iya tafiya, abin da ya karɓa a hannun mutane kuwa yana nan bai tafi ba. Sai kuma aka kawo mu ga Sokrat, wanda hukumar birnin Atina ta yanke wa hukuncin shan guba a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Almajirinsa Platon ya ba da labarin yininsa na ƙarshe. Mutumin nan ya wuni yana kawo wa abokansa hujjoji cewa rai ba ya mutuwa, ya sha gubar, sanyi ya kama ƙafafunsa yana hawowa, amma maganar da ya cika da ita ba ta falsafa ba ce. Tuna wa abokinsa Kiriton ya yi cewa akwai zakara ɗaya da abin bautarsu na waraka ke bin su, ya roƙe shi ya biya kada ya manta. Masana sun daɗe suna gardama kan abin da yake nufi. Ni dai abin da na riƙe shi ne, mutumin da bai san Alƙur'ani ba, da ya zo bakin ƙofa, lissafin abin da ake bin sa ya yi.

A wajenmu Musulmi abin ya wuce tunanin mai hikima, hukunci ne. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake saboda bashinsa har sai an biya masa. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. A duba wannan da kyau: mutumin da ya ba da ransa ɗungum, jika 5 na wani suna iya tsare shi. Dalilin kuwa a fili yake, haƙƙin Allah Allah na yafe shi in ya so, haƙƙin bawa kuwa sai bawan ya yafe ko an biya shi. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, ba a kan salla ko azumi ta sauka ba, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A cikin ayoyin gado biyu na surar Nisa'i, ta 11 da ta 12, sau huɗu aka maimaita cewa rabo ba ya zuwa sai bayan wasiyya da bashi. A kan haka malamanmu na Malikiyya suka jera abin da ake yi da dukiyar mamaci: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi ko da zai cinye dukiyar duka, a zartar da wasiyya cikin sulusin abin da ya rage, sannan magada su raba. Magaji shi ne na ƙarshe a layi. Mu kuwa mun mai da shi na farko.

Akwai labarin da nake so kowane ɗan kasuwa ya sani, yana cikin Buhari. Zubairu ɗan Awwam, ɗaya daga cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna, attajiri ne. A ranar yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya gaya masa yana jin yau za a kashe shi, kuma babban abin da ke damunsa bashin da ke kansa. Aka kuwa kashe shi. Bai bar tsabar kuɗi ba, sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Da aka yi lissafi sai aka tarar ana bin sa miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin zamanin. Yadda bashin ya taru ma abin koyi ne. In mutum ya kawo masa ajiya sai ya ƙi karɓarta da sunan amana, ya ce a bar ta a matsayin rance, domin amana in ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, babu ramuwa, rance kuwa dole a biya. Wato da gangan ya ɗora wa kansa mafi nauyin biyun don dukiyar mutane ta tsira. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya duk wanda ya sani. Ƴan'uwansa suka ce to, a raba mana gadonmu. Ya rantse ba zai raba ba sai ya yi shekara huɗu yana shela a taron aikin hajji, cewa duk mai bin Zubairu ya zo a biya shi. Haka kuwa ya yi, kowace shekara, a wurin da Musulmin duniya ke haɗuwa, sai da huɗun suka cika sannan aka raba.

Shekara huɗu a Makka, mu kuwa minti ɗaya a bakin maƙabarta, cikin rana, mutane na sauri su koma kasuwa da biro.

Kuma in akwai mutanen da ya kamata su tsawaita shela, mu ne. Kasuwancinmu bisa yarda aka gina shi. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda dukiya ke yawo tsakanin ubangida da baransa, da tsakanin Maraɗi da Kano, da magana kawai. Abin alfahari ne, ban musa ba. Ana ɗora wa mutum kaya na miliyoyi daga Kwatano ko Lome ba a rubuta ko harafi ba, ya sayar ya kawo kuɗi. Amma wannan littafin lissafi da ke cikin kan Alhaji, tare da shi ake binne shi. Yau ma da wayar salula ta zo abin bai gyaru ba, sai dai ya sake kama: saƙonnin murya, da hotunan rasit, da lambobin waɗanda aka aika wa kuɗi, duk suna cikin wayar da ba wanda ya san mabuɗinta sai mai ita.

Manyan basussuka ba su cika ɓacewa ba, don masu su suna da baki. Wanda ke bin miliyan 10 zai zo ran sadakar uku da shaidunsa, ya yi gaisuwa, ya ja babban ɗa gefe. Waɗanda nake jin tsoro su ne ƙanana. Mai fura da ke kawowa shago kullum a biya ta ran kasuwa. Tela, da mai wanki, da ɗan ga-ruwa, da yaron shago da aka ce a bari albashinsa ya taru. Wane ne cikinsu zai ratsa manyan riguna a zauren makoki ya ce yana bin Alhaji dala ɗari biyu? Kunya ba za ta bar shi ba, in ma ya yi ƙarfin hali sai a ce ba shi da ta ido, mutum ko sanyi bai yi a kabari ba. Sai ya haɗiye, ba don ya yafe ba. Mu kuma mu ɗauki shirunsa a matsayin yafewa, alhali tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Sannan ga wani abu da ban taɓa jin an tayar da shi a wa'azi ba. Sanarwar nan a gaban maza ake yin ta, a wurin da mata ba sa zuwa. Alhali duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wa maigida ke fara juyawa gare shi ran da ciniki ya tsaya. Akuyar uwargida ce ake kaiwa kasuwa, kuɗin adashinta ne ake karɓa a ce sai an sayar da wake, ɗan kunnenta na zinariya ne ake kaiwa jingina. Wata ma ragowar sadakinta ba a cika ba har aka yi jikoki. Ina da gwaggo, Allah ya ba ta lafiya, wadda mijinta ya sayar da shanunta biyu na gadon ubanta ya ƙara jari, da alkawarin zai maida. Mutumin kirki ne, na tabbata da niyyar biya ya kwanta. Da ya rasu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, aka zo aka ƙidaya shago da abin da ke ciki a matsayin dukiyarsa. Su uku ne matan, suka raba tumuni, wato kowace ta tashi da kashi 1 cikin 24. Na tambaye ta daga baya me ya hana ta magana. Ta ce, “Ɗana, da wane baki? A ce ina bin uban ƴaƴana bashi yana kwance?” Ta ɗauka rufa masa asiri ta yi. A hukuncin da muka karanta kuwa, da ta yi magana an fitar mata da shanunta kafin rabo, ko kuma ta buɗe baki ta ce ta yafe, da ta fi yi masa gata. Ba laifinta ba ne. Laifin waɗanda suka zauna rabo ne, da ba su aika an tambayi cikin gida ba.

Kada ma'aikaci ya karanta wannan ya ce maganar ƴan kasuwa ce. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san yadda gidan ma'aikaci ya rayu. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran Faransa ɗaya ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada, albashi kuma ya riƙa yin watanni bai zo ba. Mahaifina malamin lakwal ne. Ina yaro ni ake aika wa wani dattijo mai kanti a unguwarmu, in karɓo shinkafa da sukari da sabulu da kananzir, shi kuma ya jawo wani kaye irin na ƴan lakwal ya rubuta da ajami. Rabin ma'aikatan unguwar a cikin kayen nan suke. Dattijon ya rasu kafin a biya bashin albashi. Da ƴaƴansa suka buɗe kaye sai suka tarar ba sunaye ya rubuta ba, laƙabi ne da shi kaɗai ya san masu su: na bakin famfo, mai jan babur, dogon likita. Da kuɗi suka fito, na ga mahaifina ya zauna da nasa lissafin da ya riƙa ajiyewa, ya ƙirga, ya sa hula ya tafi ya kai wa babban ɗan. Na kuma ga waɗansu, masu karatu, masu ɗaura karabat, da suka sake hanyar zuwa aiki don kada su bi ta ƙofar kantin. Wannan shi ne ɗaya gefen sanarwar, wanda marigayi ke bi. Ran da mai kanti ya cika, kuɗin sun tashi daga nasa sun koma na marayu, kuma kowa ya san abin da Alƙur'ani ya kwatanta cin dukiyar maraya da shi.

A zamanin nan ma'aikata nawa ne suka mutu suna bin baitulmali watanni, ana bin su a kanti? Ya zo a hadisi cewa da Allah ya yalwata wa Musulmi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauki biyan bashin duk muminin da ya mutu bai bar abin biya ba. A can baitulmali ke sauke wa matattu nauyi. A nan kuwa mun ga lokacin da matattu ke bin baitulmali. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai masu ganin kuɗin hukuma da na banki ba su da mai su. Bankin BDRN ya durƙushe a 1990, kuma babban abin da ya kayar da shi basussukan da aka ci ba a biya ba. Wanda ya ci kuɗin mutum ɗaya ya san ƙofar da magadansa za su je neman gafara. Wanda ya ci na jama'a, ƙofa nawa za a ƙwanƙwasa masa?

Ba ina cewa cin bashi abin kunya ba ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manzon Allah kansa ya bar duniya sulkensa na jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Kuma ya zo cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa. Shari'a ba ta tilasta wa ɗa ya biya daga aljihunsa abin da dukiyar uba ta kasa ɗauka ba, sai dai in ya yi don jinƙai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne inda muke kai kuɗin in sun samu. An yi shekaru ana jayayya a Maraɗi da sauran garuruwa tsakanin ƴan Izala da malaman zaure kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, har zumunci ya lalace a gidaje da yawa. Ba zan shiga tsakaninsu ba. Amma ban san malami ɗaya ba, a kowane ɓangare, da ya halatta a yanka sa daga dukiyar mamaci a ciyar da gari alhali tela na jiran kuɗin ɗinkinsa. A nan bakinsu ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin shiru. Buhunan shinkafa ana ganinsu, ana yabawa. Biyan mai fura kuwa ba wanda zai gani.

An taɓa kawo wata gawa gaban Manzon Allah don ya sallace ta. Ya tambaya ko ana bin mutumin bashi, aka ce dinari biyu, a wata ruwayar uku. Ya tambaya ko ya bar abin biya, aka ce a'a. Sai ya ja da baya ya ce su sallaci abokinsu. Wani sahabi, Abu Ƙatada, ya ce ya ɗauki bashin a wuyansa, sannan Manzon Allah ya matso ya yi sallar. Mu da mun ce magana ta ƙare, tunda an sami wanda za a gani. A ruwayar da Imamu Ahmad ya kawo daga Jabir, bayan kwana ɗaya Manzon Allah ya tambayi Abu Ƙatada labarin dinarin nan biyu. Abu Ƙatada ya ce ai jiya-jiya mutumin ya rasu. Kashegari ya dawo ya ce ya biya. A sannan ne Manzon Allah ya gaya masa cewa yanzu fatar mutumin ta yi sanyi.